Ɗigon jini ɗaya, ciwon zuciya iri-iri: wace na'urar awo ce za ta amfani Tawa?

Babu uwar da ta taɓa kai yaro mai zafin jiki gidan likita a jihar Tawa da ba ta san ɗan farin robar nan ba. A soki yatsa, a ɗiga jini a ɗan ramin, a bi shi da ruwan magani, a jira kamar minti goma sha biyar. Layi biyu, zazzaɓin cizon sauro ne. Layi ɗaya, a nemi dalili a wani wuri. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2010 cewa a daina ba da maganin zazzaɓin da ka sai an auna, wannan ɗan abu ya ratsa ƙasar nan har ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, inda babu labo, babu wuta, babu kowa sai ma'aikaci guda. Don haka duk wanda ya ji an ce akwai irinsa na zuciya, mai duba ɗigon jini ya ba da amsa cikin minti goma, dole ya ce to me ake jira da ba a baza shi daga Ƙonni har Tasara ba.

Akwai shi kuwa, har iri-iri, wasu sun haura shekara ashirin a kasuwa. Sai dai zazzaɓin sauro amsarsa i ce ko a'a, maganinsa kuma yana cikin kabad ɗin da ke bayan ma'aikacin. Abin da muke tarawa mu kira ciwon zuciya kuwa cututtuka ne daban-daban, kowacce da irin sawun da take bari a jini, kuma gwajin da ya ƙware a kan ɗaya bai san komai a kan 'yar'uwarta ba. Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Mafi yawan kuɗi da basirar da aka zuba wajen ƙera waɗannan na'urori an zuba su ne a kan ciwon da ya fi kashe Turawa, alhali wanda ya fi kwantar da mutanenmu wani ne daban. In za mu saya, cutarmu ce ya kamata ta zaɓa mana, ba ɗan kasuwa ba.

Kowace irin wannan na'ura, komai sunanta da tsadarta, sassa uku gare ta. Akwai mai kamu, wani abu ne da aka samo daga halitta wanda ba ya taɓa komai a cikin jini sai abu guda da aka aike shi nema. Akwai mai juya wannan kamun ya zama alamar da ake iya aunawa, ko 'yar wutar lantarki, ko launi, ko haske. Sai kuma mai karantawa ya fitar da lamba a fuska. Dabarar ta samo asali ne daga wani masani Ba'amurke, Leland Clark, wanda a 1962 shi da abokin aikinsa Champ Lyons suka kawo shawarar a lulluɓe kan wayar awon iskar oksijin da wani sinadarin halitta mai cin sukari, don a gane yawan sukarin daga yawan iskar da ta ragu. Na'urar farko da ta shiga kasuwa a kan wannan tunani, a 1975, ta kan tebur ce. Zuwa 1987 an yi wadda ba ta wuce girman alƙalami ba. Jikokinta ne masu ciwon suga ke saye a farmasi yau. Awon kitsen jini, kolestarol, shi ma haka yake tafiya: sinadari ya ci kitsen, abin da ya fito ya sauya launin takarda ko ya ba da wuta, na'ura irin CardioChek ta karanta cikin minti biyu ko ƙasa da haka.

Sukari da kitse suna da sauƙin kamu saboda suna da yawa. Duk mai riƙe da takardar labo ya san sukarin lafiyayyen mutum bai cika wuce giram ɗaya a litar jini ba, kuma daga 1,26 in ba a karya kumallo ba ake fara maganar ciwon suga. Alamar da ke nuna tsokar zuciya ta ji rauni, wadda ake kira toroponin, a gwajin da ya fi yaɗuwa iyakarta ta lafiya nanogiram 14 ce a lita. Wato sukari ya ninka ta sau wajen miliyan 70. In kana son ka ji ƙanƙantar abin a jikinka, ɗauki ƙwayar sukari guda ta shayi ka narkar da ita a ruwa lita miliyan 350, sannan a ce ka ɗebi ɗigo ka tabbatar tana ciki. Nan ne duk wahalar take. Ba a kama toroponin da sinadari mai ci. Sai an sa 'yan garkuwar jiki guda biyu su riƙe ta ta gefe biyu, ɗaya a manne da takarda ko ɗan gilashi, ɗayar ɗauke da alama, sau da yawa ƙurar zinariya ko abu mai ƙyalli ko gutsuren maganaɗisu. Jan layin gwajin zazzaɓi ma ƙurar zinariyar ce.

Toroponin wani furotin ne da ke cikin tsoka yana taimaka mata ta matse ta saki. Masanin Japan Setsuro Ebashi ne ya gano shi a shekarun 1960, likitan Jamus Hugo Katus kuma ya haɗa gwajinsa na jini a ƙarshen shekarun 1980 a Haidalbag. Daga shekarar 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka mai da shi ma'aunin da ake yanke hukuncin bugun zuciya da shi, wato ciwon toshewar jijiyar zuciya. Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da zuciya, tsokar da ke gabanta ta fara mutuwa, toroponin ya yoyo cikin jini. Amma ba nan take ba. Gwaje-gwajen da, da kuma yawancin na hannu da ke yawo a kasuwanninmu, ba sa ganinsa sai an yi awa uku zuwa shida da fara ciwon. Masu kaifi na manyan labo suna ganinsa cikin awa ɗaya zuwa uku, shi ya sa tun 2015 likitocin Turai suka amince a auna mutum da zuwansa, a sake bayan awa guda, a duba ko lambar ta motsa. Motsin ne hujja, fiye da lambar farko.

To ga inda haɗarin yake. Magidanci ya zo da nauyi a ƙirji da zufa, awa guda da farawa. An soki yatsa, na'ura mara kaifi ta ce babu komai. Ma'aikaci ya gaskata ta, dama kowa a gidan ya riga ya ce olsa ce, aka rubuta masa maganin ciki ya koma. Da babu na'urar, wataƙila da tsoro ya sa an riƙe shi. Amsar “babu” da ta zo da wuri ta fi rashin awo illa, in har mai awon bai san dole a sake ba. Kamfanoni sun san wannan giɓi, kuma sun fara cike shi: Siemens ya ƙera Atellica VTLi, mai ba da toroponin mai kaifi daga jinin yatsa cikin minti takwas. Sai dai irinsa ba shi ne zai fara isowa Abalak ba.

Amsar “akwai” ma ba ta gama magana ba. Toroponin yana cewa tsokar zuciya ta ji jiki, ba ya faɗin wanda ya buge ta. Ciwon ƙoda yana ɗaga shi, haka cuta mai tsanani da ta shiga jini, haka gajiyar zuciya, haka gudan jini a huhu. Dole a haɗa shi da labarin mara lafiya da kuma takardar zanen zuciya, mai nuna yadda take bugawa, wadda ƙa'ida ta ce a ɗauka cikin minti goma da isowarsa. Hasali ma in zanen ya nuna jijiya ta toshe gaba ɗaya, ba a jiran wani gwajin jini, ana shiga magani ne kai tsaye. Maganin kuwa biyu ne: ko allurar narkar da gudan jini irin sitareptokinas, wadda amfaninta ya fi yawa a awanni biyu zuwa uku na farko kuma yake kusan ƙarewa bayan awa goma sha biyu, ko a zura siririn bututu a buɗe jijiyar, wanda ake so a yi cikin awa biyu. Daga Tawa zuwa Yamai, inda ƙwararrun likitocin zuciyarmu suka fi taruwa, wajen kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Wanda ciwon ya kama a Cintabaradan sai ya fara isowa Tawa tukuna. Na'ura ta ba ka amsa cikin minti takwas, hanya ta cinye yini.

Ba ina cewa toroponin ba shi da wuri a jihar nan ba. Yana da shi a babban asibitin jiha da asibitocin gundumomin da ke da na'urar zanen zuciya da likitan da ya iya karanta ta. A can zai fitar da mai bugun zuciya daga cikin masu olsa, musamman masu ciwon suga waɗanda sau da yawa bugun ke zo musu ba tare da ciwon ƙirji sosai ba. Zai kuma hana a ɗora wa iyali kuɗin mota zuwa Yamai a kan ciwon da ba na zuciya ba, wanda ba ƙaramin taimako ba ne ga mutumin da sai ya sayar da tunkiya. Wurinsa ke nan, kuma bai wuce nan ba a yanzu.

Dalili shi ne alkaluman nahiyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17,9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya, fiye da kashi uku cikin huɗu kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Amma in aka buɗe jimillar, Afirka ta kudu da Sahara kamanninta daban. Binciken THESUS-HF da aka buga a 2012 ya bi mutum dubu da 'yan kai da aka kwantar saboda gajiyar zuciya a ƙasashen Afirka tara. Matsakaicin shekarunsu 52, wato magidanta da iyaye mata masu sauran ƙarfi. Kusan rabinsu hawan jini ne ya kai su, wasu cutar tsokar zuciya, wasu lalacewar ƙofofin zuciya da ciwon maƙogwaron yarinta ke bari. Waɗanda toshewar jijiya ta kai su ba su kai kashi 8 cikin ɗari ba. Binciken SIREN kuwa, na Gana da Najeriya a 2018, ya jingina kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar ɓarin jiki ga hawan jini. Toshewar jijiya na ƙaruwa a birane, babu shakka, da zaman wuri ɗaya da taba da ƙiba da suga. Amma gadajen asibitinmu masu haki da kumburin ƙafa ne suka cika su, da waɗanda aka ɗauko ɓari ya mutu ana cewa iska ce ko jifa.

Wannan ya kawo ni kan gwajin da nake ganin ya fi cancanta a yi masa faɗa, ga shi kuma ba shi ake talla ba. Zuciya in ta gaji, jini ya taru ya miƙar da bangonta, tana sakin wani sinadari don ta sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Masanan Japan ne suka gano shi a 1988, ana kiransa BNP, ɓangarensa da ya fi daɗewa a jini kuma NT-proBNP. Akwai shi a na'urorin hannu irin cobas h 232 na Roche, amsa cikin kusan minti goma sha biyu. Ƙarfinsa a wajen korewa yake: mutum ya zo da haki mai tsanani, in NT-proBNP bai kai pikogiram 300 a mililita ba, da wuya a ce gajiyar zuciya ce, sai a koma neman namoniya ko asma ko tarin fuka ko ƙarancin jini. In lambar ta tashi sama, an san wanda za a fara wa maganin rage ruwa a tura shi hoton zuciya.

Wa ya fi bukatar wannan a ƙasar Hausa? Mai jego. Akwai wata cutar tsokar zuciya da ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, zuciyar da lafiyarta ƙalau ta saki, ta kasa tura jini. Ana samunta ko'ina a duniya, amma wuraren da ta fi yawa kaɗan ne, kuma yankinmu na sahun gaba. Likitoci sun bayyana ta a Zariya tun shekarun 1970. Wani bincike a Sakkwato, maƙwabciyar Ƙonni, ya same ta a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, alhali a Turai sai an ƙirga dubbai. A nan Nijar, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun yi nazarinta a Yamai, kuma a 1992 suka buga cewa matan da ta kama suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. An daɗe ana ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta. Babban binciken da aka jagoranta daga Kano, wanda ya fito a 2020, bai sami al'adun da laifin da ake zato ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, da rashin karatu da abin hannu, da hawan jinin masu ciki. Wannan ba izini ba ne a cika wa mace mai kumburi kanwa, gishiri dai gishiri ne ga zuciyar da ta gaji. Amma yana nuna cewa tsawata wa kakanni kaɗai ba zai kawar da cutar ba.

Abin da ke sa ta yi kisa shi ne tana shigowa da kayan jego. Gajiya, haki, kumburin ƙafa, tarin dare, kasa kwanciya sai an tara matasai: wace mai jego ce za ta faɗi waɗannan ba a ce mata “ki yi haƙuri, jego ne, in kin yi arba'in za ki warware” ba? Ungozoma ma, ga mata sun yi layi, ba ta da abin da za ta bambance wadda jini ya yi wa kaɗan da wadda zuciyarta ke nutsewa. Ciki da haihuwa na lafiya ba sa ɗaga NT-proBNP sosai, wannan cutar kuwa tana cilla shi sama. Gwaji guda a ranar awon bayan haihuwa, ga duk macen da ta yi kukan haki, zai iya fitar da ita tun da sauran dama. Kuma a nan, sabanin toshewar jijiya, ba a tseren awanni ake ba. Kwanaki ne da makonni, magungunan farko kuma masu arha ne da ake samu a farmasin Tawa da Madawa, kuma mata da yawa zuciyarsu na farfaɗowa in an kama da wuri. Ana kuma samun damar zama da ita da mijinta a yi maganar ciki na gaba, wanda in zuciyar ba ta dawo daidai ba yana iya zama ajalinta.

Sai tambayar da aka fi tallata na'urorin da ita: ni da nake tsaye da ƙafafuna, me ke jirana nan da shekara goma? A nan ne aka fi yi wa jama'a kwalliya. Babu wani ɗigon jini da ke faɗin wannan shi kaɗai. Lissafi ake yi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alluna na yankuna 21, har da na Afirka ta Yamma, ga masu shekara 40 zuwa 74. Allo ɗaya yana son shekaru, jinsi, shan taba, awon hawan jini, ciwon suga da kolestarol. Ɗayan ba ya son jini ko ɗigo: shekaru, jinsi, taba, hawan jini, da nauyi gwargwadon tsayi. Ga yawancin mutane amsoshin biyu ba sa nisa da juna. Inda allon da ba jini yake tuntuɓe shi ne a kan masu ciwon suga, yana rage musu haɗari. Ma'ana, in aka ba ma'aikacin ƙauye abin awon hawan jini mai kyau, da sikeli, da ma'aunin tsayi, da na'urar suga mai isassun tsinke, ya riga ya sami mafi yawan abin da ake nema. Binciken STEPS da aka yi a Nijar ya nuna hawan jini na kan fiye da babba ɗaya cikin biyar, da yawa kuma ba su sani ba. Ba rashin sabuwar fasaha ce ta hana a gano su ba.

Awon kolestarol na hannu yana ƙara haske, musamman ga mai suga ko wanda aka yi mutuwar ƙuruciya a gidansu, don a san wa za a ɗora kan maganin sitatin, mai rage kolestarol. Wanda nake ganin ya fi shi gaggawa, ko da yake ba a saka shi a jerin gwajin zuciya, shi ne na ƙoda, kireyatinin, wanda akwai na yatsa mai amsa cikin rabin minti. Hawan jini da suga ƙoda suke ci a ɓoye, wasu magungunansu kuma ba a ba da su da ka sai an san halin ƙodar.

Akwai kuma gwaje-gwajen da a Faransa suke da ma'ana, a Adar su rikice. CRP mai kaifi alama ce ta kumburin cikin jijiya: ƙasa da miligiram 1 a lita haɗari kaɗan, sama da 3 haɗari babba. Amma zazzaɓin sauro, ciwon haƙori, ƙurji, kowanne yana ninka shi sau goma ko fiye. A watan Satumba wa za ka auna a Buza ka ce lambarsa ta zuciya ce? HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata uku, ya dogara ne da cewa jan ƙwayar jini na rayuwa kusan kwana 120. Mai emasi, da wanda zazzaɓi ya fasa wa jini, nasu ba sa kai haka, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma yana iya tura ta sama. Ko na'urar suga ta yau da kullum, da yawa daga cikinsu suna ƙara lamba in jinin mutum ya tsinke, ga shi kuwa kusan rabin matanmu masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Iyakokin da aka rubuta a jikin kwali ma, yawanci daga jinin Turawa da Amurkawa aka ciro su. An san, alal misali, baƙar fata a Amurka NT-proBNP ɗinsu ya fi na farare ƙasa a matsakaici, wani kitse mai suna Lp(a) kuma ya fi yawa a jinin 'yan asalin Afirka.

Wani abin da masu son a auna kowa da kowa ba sa so a tuna musu lissafi ne kawai. Mu ƙaddara, don misali, an tara lafiyayyu dubu a filin kasuwa, goma ne a cikinsu ke da cutar, gwajin kuma yana kuskuren cewa “akwai” sau biyar a ɗari. Zai kama goman, ko kusan duka, ya haɗa da wasu kusan hamsin da babu abin da ke damunsu. Mutum hamsin da za su kwana ba barci, su ci bashi su tafi neman hoto. Gwajin da ke da amfani a kan mai haki, a kan taron biki ɓarna yake.

Zafi kuma ba ya jin Turanci. Na'urar i-STAT ta Abbott, wadda ta fi shahara a wannan fanni, an tsara ta ta yi aiki tsakanin digiri 16 zuwa 30, 'yan kwanson gwajinta kuma a firji ake ajiye su, tsakanin 2 zuwa 8. In an fitar da na toroponin, mako biyu gare shi a ɗaki mai sanyi. A Tawa, Afrilu da Mayu, inuwa ma ta wuce 40. 'Yan garkuwar jiki furotin ne, zafi na lalata su, kuma kwanson da ya lalace ba kullum yake sanarwa ba. Yana iya ba ka lamba mai kyan gani. Firji mai aiki da hasken rana, irin na allurar rigakafi, ya rage wannan matsala, amma sai an sa shi cikin lissafin saye tun farko, tare da ruwan gwajin da ake tabbatar da na'urar da shi lokaci-lokaci, wanda shi ne abu na farko da ake dainawa in kuɗi sun yi kaɗan. Sannan kowace na'ura kwanson kamfaninta kaɗai take ci, kowane kwanso jikkuna ne, kuma yana da ranar mutuwa. Mun ga abin da ya faru bayan Yulin 2023, da aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, kaya suka maƙale a hanyar Kwatano. Na'urar da aka ba da kyauta da kwanson wata shida, a wata na bakwai ado ce a kan tebur.

A gefe guda, a yi hattara da masu zagayawa da kwamfuta da ɗan ƙarfen da ake riƙewa a tafin hannu, minti ɗaya ta zubo maka shafuka a kan zuciya da hanta da ƙoda, sannan a buɗe jaka a sayar maka da maganin. Wannan ba ta taɓa jininka ba, babu abin da ta kama, babu abin da ta auna. Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai ake yi wa. A Amurka kamfanin Theranos ya tara ɗaruruwan miliyoyin dala da alkawarin gwaje-gwaje barkatai daga ɗigon yatsa, abin ya tashi ƙarya, shugabarsa Elizabeth Holmes kotu ta same ta da laifin zamba a 2022.

Binciken gaskiya dai yana tafiya, kuma wani ɓangarensa ya nufo matsalolinmu. Ana gwada maye gurbin 'yan garkuwar jiki da gajerun zaren DNA da ake haɗawa a labo, waɗanda suka fi jure zafi. Ana yin gwaje-gwaje a kan takarda zalla, wayar salula ta karanta. A 2024 masu bincike a jami'ar UCLA ta Amurka sun nuna gwajin toroponin mai kaifi na takarda, mai amsa cikin minti goma sha biyar da kuɗi kaɗan. Sai dai da ruwan jinin da aka riga aka tace suka gwada shi, kuma tsakanin abin da ya yi aiki a ɗakin bincike mai sanyi da abin da zai yi aiki a hannun ma'aikacin da ya ga mutum tamanin tun safe, ga ƙurar hunturu, akwai shekaru.

Abin da ba sai mun jira kowa ba shi ne mu san lambobinmu. Makarantun likita na Yamai da Maraɗi da Damagaram za su iya auna NT-proBNP a jinin masu jego, masu lafiya da masu haki, a cibiyar uwa da yaro ta Tawa ko a asibitin Galmi, su gwada da hoton zuciya, su fitar da iyakar da ta dace da matanmu. Hoton ma yanzu akwai na hannu da ake jona wa waya, kuma a Ruwanda an koya wa ma'aikatan jinya na asibitocin karkara su duba zuciya da irinsa su fara magani, likitan zuciya yana zagayowa yana tabbatarwa. A kan irin wannan ƙwarewa aka gina tsarin PEN-Plus, wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Lome a watan Agustan 2022, don a sauko da kula da cututtuka masu tsanani irin ciwon ƙofofin zuciya da emasi da sugan yara zuwa asibitin gunduma. A irin wannan ɗaki, mai firji da na'urar zanen zuciya da ma'aikacin da aka horar kuma ba a ɗauke shi bayan wata uku ba, na'urar awon jini ta hannu tana da aikin yi kowace rana, a Keita ko Ilela ko Abalak.